Shekarar da Sale Ya Kawo Na'urar Kwantum

Kowannenku ya ji wani abu game da shekarar da ni da kawunku Sale muka daina magana. Wasu sun ce muku ni na rufe masa shago, wasu sun ce gidan rediyo na je na ci masa mutunci. Ban taɓa shiga gidan rediyo ba, kuma ba ni da ikon rufe shagon kowa. A lokacin kuna ƙanana, abin da kuka gani kawai shi ne Sallah ta zo ta wuce Kawu bai leƙo ya ba ku goron Sallah ba. Yanzu da na yi ritaya na sami zama, bari in rubuta muku yadda aka yi, don kada bayan raina ku riƙa kallon 'ya'yansa da labarin da ba haka yake ba.

Ni ce 'yar fari a ɗakin Inna, Sale kuma shi ne auta. A bayana ya yi wayo, ni nake masa wanka, ni na fara kai shi makarantar allo. Inna ba ta kama sunana saboda kunyar 'yar fari, sai da na fara koyarwa ta sami mafita, ta koma ce mini Malama kamar kowa. Na koyar da fiziks a sakandaren 'yan mata a nan Daura tun ina goyon babbanku har autarku ta shiga jami'a, shi ya sa a gari ba a sanni da sunan miji ko na uba ba, Malama Fiziks ake cewa. Shi kuwa Sale ya gama difloma aiki ya ƙi samuwa. Ya yi acaɓa tsakanin Daura da Sandamu, ya sayar da katin waya, ya ɗan bi babanku kasuwar dabbobi ta Mashi amma ba shi da haƙurin ciniki. Ga mata, ga yara sun fara zuwa. Saboda haka da wani abokinsa ya kai shi horo a wani kamfani a Kano, ya dawo da kwamfutar tafi-da-gidanka da wani ɗan akwati mai ruwan azurfa, ya ce ya sami sana'a, duk gida aka yi murna, har da ni.

Al'adarmu ce ranar Juma'a mu taru a gidan Inna bayan an sauko daga masallaci. A irin wannan zama ya buɗe akwatin a kan tabarma. Waya ce ta fito daga jikinsa zuwa wani guntun ƙarfe kamar mariƙin wuƙa. Mutum zai damƙe ƙarfen na ɗan lokaci, Sale ya rubuta sunansa da shekarunsa a kwamfuta, sai shafuka su yi ta fitowa da kore da ja: hanta, ƙoda, ƙashi, jini, har da ƙwaƙwalwa. Daga nan sai a ce ga ƙwayoyin da za ka saya ka gyara wuraren da suka yi ja. Ya yi mana bayani fuskarsa cike da fara'a. Ya ce kowace gaɓa a jikin mutum tana da nata firikwensi, na'urar kuma tana amfani da kwantum da maganaɗisu ta saurari enajin da ke fita daga ƙwayoyin jiki. Sai ya juyo gare ni.

"Yaya, ai ke ce ma kika fi kowa sanin wannan. Duk karatunku ne."

Na ce, "Kalmomin kam namu ne. Firikwensin hantar nawa ne?"

"Mai ƙarfi ne sosai."

"Na ji. Amma sau nawa a daƙiƙa ɗaya?"

Ya yi dariya ya ce ba a kawo musu wannan a horo ba, amma zai tambaya. Aka kawo fura, hira ta koma wani wuri. Da zan tafi ya raka ni zaure, ya ce so yake in zo shagonsa da ke kusa da tasha in yi wa mata bayani, domin in suka ji daga bakina za su yarda. Na ce ya ba ni ɗan littafin da ya zo da na'urar in duba tukuna.

Ban yi gaggawa ba. Na san ilimi yana tafiya, kuma mai koyarwa a sakandare zai iya kwana bai san abin da aka ƙirƙiro jiya ba. Na karanta littafin nan na sake karantawa, na kira wata ƙawata da muka yi karatu tare wadda take koyarwa a jami'a, na karanto mata wasu shafuka ta waya. Abin da na gani shi ta gani. Kowace kalma a ciki na santa kamar yadda na san 'ya'yana, amma ba wadda take tsaye a wurinta. Firikwensi a wurinmu ba yabo ba ne, ƙidaya ce, sau nawa abu yake kai da komo a daƙiƙa ɗaya. Wutar lantarkin da ake kawo mana tana yin haka sau hamsin, kuma duk wanda ya sa na'urar awo, a Daura yake ko a Katsina, hamsin zai gani. Lambar da kuke murɗawa ku kamo tasha a rediyo ita ma firikwensi ce, in ka kuskure lambar ba za ka ji tashar ba. Enaji yana da nasa ma'auni, maganaɗisu yana da nasa. Kwantum kuwa, wanda nake koya wa 'yan ajin ƙarshe, magana ce a kan yadda haske da abubuwan da ke cikin ƙwayar zarra suke ba da ƙarfi ɗan mitsi-mitsi ba a dunƙule ba, kuma yana da lissafin da ake faɗuwa jarrabawa a kansa. A littafin Sale babu lamba ko ɗaya a gefen waɗannan kalmomi. An jera su ne kamar yadda ake jera kwanukan amarya, don ido.

Na kira shi gida na gaya masa, mu biyu kawai, ba tare da ɗaga murya ba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce:

"Shekara da shekaru kina koyar da kwantum ana biyanki albashi. Yau da ƙaninki ya kawo shi zai ci abinci, ya zama ƙarya?"

"Ba wanda nake koyarwa ba ne, Sale. Sunan kawai suka ara."

"Ku 'yan boko, duk abin da idonku bai gani ba sai ku ce babu shi."

Na ce, "Wutar lantarki ma ido ba ya ganinta, amma mita tana karanta ta. Kuma malamin da ya yi maka addu'a bai ce maka kimiyya yake yi ba, ni ma ba na zuwa masa da lissafi. Akwatin nan shi ya ce shi kimiyya ne, dole in auna shi da ma'aunin kimiyya."

Ya ɗauki littafinsa ya tafi. Ina so ku riƙe wannan: kawunku bai san yaudara ba ce. Ya yarda da abin nan har zuciyarsa, matarsa da 'ya'yansa ya fara sa wa suka damƙi ƙarfen. Shi ma sayar masa da kalmomin aka yi.

Juma'ar da ta biyo baya Inna ta tsare ni a rumfarta, inda take awon gero, domin har ta tsufa ba ta daina sayar da hatsi a cikin gida ba.

"Malama, ni kun ruɗa ni. Abin da yake faɗa shi kike faɗa, Turanci ɗaya nake ji a bakinku. Ni da ban yi boko ba, ta yaya zan san naki ne na gaskiya ba nasa ba?"

Ba ɗalibar da ta taɓa yi mini tambayar da ta kai wannan wuya. Na nuna buhun da ke gabanta na ce:

"Inna, in mutum ya ce ya kawo miki gero tiya goma, me kike yi?"

"Sai in ɗauko tawa tiyar in auna."

"In ya ce nasa geron ba a auna shi, mai albarka ne kawai, ki yarda?"

"Sai ya kai gaba."

"To, kalmominmu kowacce tana da tiyarta. In na ce miki abu kaza ne, wani da bai sanni ba zai iya aunawa ya ƙaryata ni. Na akwatin nan in kika tambayi awo, wata sabuwar kalma za a ba ki."

Ta ci gaba da tsince tsakuwa daga geron. Sannan ta ce ta ji, amma in ba zan taimake shi ba, to in bar shi ya nemi abincinsa. Na ce mata na bar shi. Da nufin haka na tashi, kuma na yi watanni ban ce wa kowa komai ba.

Abin da ya sauya ni wata tsohuwar ɗalibata ce, Rabi, wadda ta yi aure a Sandamu. Ta zo gaishe ni a makaranta, muna hira ta rage murya ta ce ta daɗe tana jin wani ƙullutu a mamanta na hagu. An ce ta je asibiti, tana ta jin tsoro, sai ta ji labarin na'urar, ta je. Shafin ya nuna kore a wurin, ja a hanta, ta sayi ƙwayoyin hanta ta koma gida hankalinta kwance.

"Ai da na ji ta ƙaninki ce, Malama, ban yi shakka ba. Kowa cewa yake Malama Fiziks ta duba ta."

Sale bai taɓa cewa na duba ba, na bincika daga baya. Gari ne ya haɗa sunana da akwatin, shirun da na yi kuma ya zama shaida. Washegari na nemi izini a makaranta na raka Rabi asibiti, daga nan aka tura ta Katsina, aka yanki ɗan nama aka gwada, aka ce sai an yi aiki. An yi, Allah ya ba da sa'a, Rabi tana nan da ranta, bara ma ta aiko mini da gyaɗa. Amma likitan ya ce da ta ƙara jinkiri da labarin ya zama wani.

Na zauna da babanku na ce masa zan yi magana a bainar jama'a. Shi mutum ne da ba ya shiga abin da bai sani ba. Ya ce bai san kwantum ba, amma ya san zumunci, don haka kada ƙanina ya ji a bakin wani, in je da ƙafata in gaya masa. Na je shagon, na jira ya sallami mutanen da ke kan benci, na ba shi labarin Rabi ba tare da na kama sunanta ba. Ya ce kowace na'ura tana kuskure, har ta asibiti. Na ce haka ne, amma ta asibiti an san abin da take aunawa da inda takan kuskure. Na ce masa ranar Asabar zan gaya wa mata a Islamiyya cewa ban duba ba kuma ban yarda ba.

"In kika yi haka, Yaya, kin raba ni da abincin 'ya'yana."

"Na sani. Da akwai wata hanya da na bi ta."

Islamiyyar matan aure ce da nake zuwa a matsayin ɗaliba. Bayan darasi na roƙi malamarmu ta ba ni dama, na miƙe. Ban kira sunan Sale ba, ban ce kowa maƙaryaci ne ba. Na ce ana cewa na duba wata na'ura na amince da ita, wannan ba haka ba ne. Na ce kalmomin da ake faɗa a kanta kalmomin karatuna ne, amma yadda aka yi amfani da su ba su da ma'ana, kuma duk wadda ta ji wani abu a jikinta ta je asibiti, kada koren shafi ya zaunar da ita. Maganar ba ta daɗe ba. Kafin la'asar ta zagaye gari, a hanya kuma ta yi rassa da ganye, wanda a ciki ne kuka sami labarin gidan rediyo.

Daga ranar Sale ya ɗauke ƙafa. In muka haɗu a hanya sai ya gaishe ni gaisuwar baƙi ya wuce. Inna ta raba mana Juma'a ba tare da ta faɗa ba, ni in zo bayan masallaci, shi ya zo bayan na tafi. Sau ɗaya kawai ta yi mini maganar.

"Gaskiya kika faɗa ko ba gaskiya ba, wannan ku kuka sani. Abin da ni na sani, cefanen gidan ɗan'uwanki ya ragu."

Ya kuwa ragu ɗin. Na aika da hatsi ya dawo da shi. Matarsa Hadiza, Allah ya saka mata, ba ta yanke ba, takan aiko mini da dambu in ta yi, ni kuma in cika kwanon da abin da ya sawwaƙa in mayar, kowa ya yi kamar bai gani ba. A dangi wasu suka ce hassada ce, wasu suka ce boko ya ɗauke mini kunya. Azumi ya zo ya wuce, Sallah ƙarama, Sallah babba. Ban yi nadama ba, amma ba zan ce muku ban yi kuka ba. Yaron da na goya ne.

Bayan an gama girbi, wata Asabar da hantsi ina shara, na ji sallamarsa a zaure. Ya shigo ya rame kaɗan, riƙe da wata 'yar mita mai ruwan ɗorawa da wayoyi biyu, ja da baƙa. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba tun yana yaro. Na shimfiɗa tabarma, na kawo ruwa, ban tambaye shi komai ba, shi ya fara.

Ya ce maganata ba ta kashe shagon ba. Matan gari sun ragu, amma mutanen ƙauye suna zuwa ranar kasuwa, abin yana ɗan kawowa. Sai dai tambayar da na yi masa ranar farko ta ƙi barinsa. Da aka kira su taro a Kano ya ɗaga hannu ya tambayi mai horar da su firikwensin hanta nawa ne. Mutumin ya yi dogon jawabi, ya kawo sababbin kalmomi, amma bai faɗi lamba ba. Da Sale ya maimaita, sai ya ce masa masu shakka ba sa ci gaba a wannan harka. Bayan ya dawo, wata rana wani saurayi ya zo gwaji, Sale ya yi kuskure ya rubuta masa shekarun dattijo. Shafuka suka fito da ciwon gwiwa da raunin ido da duk cututtukan tsufa. Ya gyara shekarun, saurayin ya sake damƙar ƙarfen, cututtukan suka ɓace.

"A nan na gane abin da nake rubutawa take karantawa, Yaya, ba jikin mutum ba. Na mayar wa yaron kuɗinsa na ja ƙofa."

"Akwatin fa?"

"Wani daga Mashi ya taya. Na ƙi sayarwa. In na sayar masa, can ma mutane zai je ya zaunar."

Ya ce ya kama aiki da wani mai haɗa sola, yana bin sa gidaje da masallatai. Hannunsa ya fara faɗawa, amma lissafin ke ba shi wuya, ya riga ya ƙona batir ɗaya aka yi masa faɗa. Ya tura mitar gabana.

"Ki koya mini bolt da amfiya da wat. Na ainihin."

Haka muka fara. Duk Asabar zai zo, mu zauna a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida da batir da ƙwan fitila da guntayen waya. In na ce abu kaza zai fito, sai in ba shi mitar ya auna da kansa, wani lokaci kuma ya kama ni na yi kuskuren lissafi mu yi dariya. A duk ɗaliban da na koyar, ban taɓa samun mai ƙishirwa irin tasa ba. Ranar da ya kawo farantin sola ya jingine shi a rana, allurar mitar ta motsa, na gaya masa cewa abin da ke faruwa a cikin farantin nan, haske ya faɗo ya tayar da wuta, shi ne kwantum ɗin da nake koyarwa. Ya dubi farantin ya ce:

"Wato duk wannan lokaci yana kan rufin mutane."

Aikin farko da ya yi shi kaɗai a gidan Inna ya yi shi, ana tsakiyar zafin bazara. Ni na yi lissafin batir da kaurin waya, shi ya hau rufi ya ɗaura. Ranar Juma'a ce, kuma ita ce ta farko da muka sake haɗuwa a gidan a lokaci ɗaya. Ya kunna fanka a ɗakinta, ta fara juyawa. Inna ta gyara zama ta ɗaga fuska iskar tana kaɗa mata ɗankwali. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa wane ne ya yi daidai a tsakaninmu ba, ranar ma ba ta ce ba. Ta dube ni, ta dube shi, ta ce:

"To, wannan kam ina jin ta a jikina. Ku matso ku ci tuwo kafin ya huce."

Muka ci a kwano ɗaya.

Yau kawunku yana da yara da yake koya wa aikin, ana kiransa har Sandamu da Mashi, kuma fitilar da nake rubuta muku wannan a ƙarƙashinta shi ya haɗa ta. In za ku ba 'ya'yanku labarin nan, kada ku ce mahaifiyarku ta ci nasara a kan ƙaninta. Ni magana na yi, wadda karatuna ya wajabta mini. Shi kuwa ya rufe shagon da yake ci da shi, da hannunsa, ba wanda ya tilasta masa, ya koma ɗalibi yana da mata da 'ya'ya. Nasa ya fi nawa wuya. In kun je gidansa ku durƙusa ku gaishe shi da kyau.